Abin da Ke Bakin Ƙugiya: Waiwaye Daga Tana Zuwa Roba

Idan aka zazzage jakar mai fatsa a ƙasar Mada yau, da wuya a ga abin da kakansa zai gane. Ƙugiyar ta masana'anta ce, daga cikin kwali aka ƙirgo masa ita a kasuwar Gusau. Zaren na nailan ne, an naɗe shi a jikin guntun kara. Ɗan abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna kifi ya taɓa, yankan tsohon silifa ne da aka huda da ƙusa mai zafi. Nauyin da ke nutsar da ƙugiya kuwa, in ba dalmar da aka ciro daga mataccen batirin mota ba ce, to tsohon fulogin babur ne. Abu ɗaya ne ya ƙi sauyawa, wato tanar da ke murɗawa a cikin gwangwanin tumatir, an lulluɓe ta da ƙasa mai danshi.

A Amurka tanar ce da kanta ta koma roba, tun shekarar 1949. Abin ya bunƙasa har ya kai masu fatsar can suna tara robobin da kifi ya yayyaga, su narka su, su sake zuba sababbi a cikin gidajensu. Wayar hannu ta kawo hotunan wannan aiki gaban samarinmu, kuma duk wanda ya san samarin Zamfara ya san ba a daɗe ana nuna musu abu ba su gwada ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata a tsaya a duba yadda muka zo inda muke, da dalilin da ya sa komai namu ya zama roba ban da abincin ƙugiya.

Mada da Kwatarkwashi da Tsafe ƙasar noma ce da kasuwanci, ba ƙasar masunta ba. Rafukansu na damina ne, su cika su tumbatsa a watan Agusta, su koma yashi kafin bazara. Babban ruwan yankin shi ne gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bungudu, ya nufi Talata Mafara. Shi ma da rani tsinkewa yake yi, ya bar gurabu nan da can. Wannan yanayi ne ya tsara yadda mutanen da suke kamun kifi. Ba a bin kifi cikin zurfi, jiransa ake yi ruwa ya janye ya tara shi wuri ɗaya. In lokaci ya yi, Sarkin Ruwa ya ba da izini, a yi shela, gari ya fito su da koma da gora da kwando, wasu ma da hannu kawai. Kafin wannan rana kuwa gurbin a rufe yake, ba mai jefa ko da zare a ciki. Gaiwa ma ba ta bukatar ƙugiya, tono ta ake yi daga busasshiyar laka inda ta kwanta tana jiran ruwan sama.

Wanda ke son ganin wannan tsohon tsari da idonsa sai ya je Argungu. Bikin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, har yau da koma da gora ake shiga Matan Fada, kuma sai an ba da izini. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mutane sun fi kallon girman giwan ruwan da ake fitowa da ita, amma abin da ke sa ta girma shi ne hana taɓa ruwan da ake yi tsawon shekara.

Fatsa a wancan zamani aikin yara ce da marasa jirgi. Maƙeri ne ke lanƙwasa ƙarfe ya fitar da ƙugiya, ya yi mata ɗan haƙori don kada kifi ya zame. Igiya daga rama ake tufka ta ko daga auduga, wani lokaci daga ɓawon kuka. Tana jiƙewa ta yi nauyi, tana ruɓewa in ba a shanya ta ba, kuma kifi na hango ta. Kamar dai karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma. Abin sa wa a ƙugiya kuwa yana nan a ƙarƙashin ƙafa: tana daga gefen fadama, gara daga suri, fara da kaka, ɗan kwaɗo, hanjin kaza, ƙullin dusa. Ba a saye, ba a ajiya.

Jirgin ƙasa ne ya fara kawo sauyi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Kaura Namoda a 1929. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga, amma taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa fanko. Kantunan Turawa na Gusau suka cika da kayan ƙarfe masu araha, ciki har da ƙugiya. Wani kamfani na ƙasar Norwe mai suna Mustad ya ƙera injin da ke lanƙwasa ƙugiya da kansa tun 1877, kuma ƙugiyoyinsa masu tambarin makulli sun shiga kasuwannin duniya, har da na Afirka. Maƙeri ba zai iya gasa da inji a kan abu ƙarami irin wannan ba, don haka ya koma ga fartanya da lauje. Da ƙugiya ta yi araha sai aka samu damar jera ɗaruruwa a igiya ɗaya. Mamari ke nan, wanda ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa ko da babu abinci a jikinsa, kifi ya zo giftawa ya sarƙe.

Sai nailan. Kamfanin DuPont na Amurka ya samar da shi a 1935, ya fara sayar da zaren kamun kifi na nailan a 1939, kuma daga shekarun 1950 zuwa 1960 ya mamaye ruwayen Afirka ta Yamma. Ba ya ruɓewa, ba ya nauyi, kuma mai sili ɗaya kusan ba a ganinsa a ruwa. Masunci da a da yake cinye rabin raninsa yana tufka da saƙa, yanzu sai ya sayi raga a dunƙule. Kamu ya ƙaru sosai a shekarun farko, kowa ya yi murna. Abin da ba a lura da shi da wuri ba shi ne, ragar rama in ta ɓace a ruwa ruɓewa take yi, ta nailan kuwa ci gaba take yi da kashe kifi ba mai ita. Daga baya jarka ta fara ture gora, silifa ya ture ɓawon kara da ɗan duma, leda ta ture kwando.

Ruwan da kansa ma an sauya masa hali. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Bakalori ta zo da baƙin ciki tun farko, domin a watan Afrilun 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Ƙasa da madatsar kuma ambaliyar shekara da ke malala cikin fadamu, inda kifi ke shiga ya yi ƙwai, ta ragu, kamu ya ja baya, masunta da dama suka bar garuruwansu. Sama da ita kuwa aka samu ruwa mai zurfi da faɗi wanda ba ya ƙafewa, da kututturan itatuwa a nutse a cikinsa. Gusau ma ta samu tata madatsar don ruwan sha, wadda ta ɓalle a ranar 30 ga Satumban 2006 bayan mamakon ruwa, ta ci rayuka kimanin 40 da gidaje kimanin 500.

Na daɗe a kan madatsun ruwa ne saboda irin wannan ruwan ne ya raini tanar roba a Amurka. Yaudarar kifi da abin da ba abinci ba tsohuwar dabara ce a can. Tun ƙarni na 19 suke jan ƙarfe mai siffar cokali a ruwa yana walƙiya, kifi ya ɗauka ɗan'uwansa ne mai rauni. Wani mai kiwon zuma a jihar Michigan, James Heddon, ya sassaƙa ɗan kwaɗo da itace, ya kafa kamfani a 1902. A ƙasar Finlan, wani matalaucin masunci mai suna Lauri Rapala ya fere ɓawon itace a 1936, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsofaffin filman hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Sunansa ne yau a jikin kayan fatsa mafi shahara a duniya, har masu farautar giwan ruwa a tafkin Nasser na Masar da su suke aiki. Ke nan wannan sana'a daga tarkace ta taso, ba daga manyan kamfanoni ba.

Nick Creme ma'aikacin injuna ne a Akron ta jihar Ohio, birnin da ya yi suna da kamfanonin taya. Shi da matarsa Cosma suka yi ta dafa sinadaran roba a gida har suka samu haɗin da ba ya ƙandarewa, suka yi mazubi daga jikin tana ta gaske, suka fitar da ta roba mai laushi a 1949. A 1951 suka fara sayar da biyar a kan dala ɗaya. Kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai da kayan suka isa kudancin ƙasar, inda aka gina sababbin madatsu, ruwa ya shanye dazuzzuka. A nan kifin da suke kira bass yake laɓewa cikin rassan da suka nutse, inda ƙugiya tsirara ke maƙalewa. Masu fatsar Texas suka gano dabarar soke bakin ƙugiya a cikin jikin robar, ta ratsa rassa ba ta kama komai ba, sai kifi ya cafka a fizga, bakin ya ɓullo. Creme ya kwashe kamfaninsa ya koma garin Tyler na Texas. Tom Mann na Alabama ya fito da mai ƙamshin 'ya'yan itace a 1967, kamfanin Mister Twister ya fito da mai lanƙwasasshiyar jela a 1972, daga baya aka riƙa cusa gishiri a cikin robar don ta nutse, kifi kuma ya daɗe bai tofar ba. A daidai wannan lokaci Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu kamun bass, gasar kuɗi ta kankama. Shi wannan kifi ba wani ƙato ba ne, wanda ya fi girma a tarihi bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, alhali giwan ruwa tana haura kilo 100. Yawancinsu ma sakinsa suke yi bayan an auna. Wasa ne na masu ƙoshi, kuma dole a riƙe wannan a zuciya kafin a kwaikwaya.

Laushin da ya sa kifi ke son robar shi ne ke kashe ta. Kifi biyu ko uku suka cafka, kai ya tsage, ƙugiya ba ta zama. Mai fatsa ɗaya na iya ɓata leda guda a yini. Daga nan aka fara tarawa. Ana wanke su a shanya su bushe ƙarau, a ware su launi launi, don in aka gauraya duka ruwan ƙasa ake samu. A yanyanka ƙanana da almakashi, a zuba a kofin gilashi mai jure wuta ko ƙaramar tukunya, a ɗora a wuta kaɗan kaɗan ana juyawa da ƙarfe. A wajen digiri 175 sai ta narke ta yi kauri kamar zuma. Nan ake ƙara launi ko ƙyalƙyali ko gishiri, a tsiyaya a mazubi, ko a zuƙa da babban sirinji na ƙarfe a tura. Mazubin talaka na garin filasta ne, irin wanda ake yin silin da shi: a kwaɓa, a danna tsohuwar robar da ba ta lalace ba har rabinta, a bari ya bushe, a cire, a shafe ramin da gam don ya yi santsi. Cikin 'yan mintoci robar ta daskare, a zaro ta a jefa a ruwan sanyi, sannan a shimfiɗa ta miƙe ta kwana.

Wanda ya tashi a Arewa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mai liƙin roba da ke zagaya unguwa da gwangwanin gawayi, yana ɗora wuƙa a wuta yana narka guntun tsohon bokiti a kan fasasshe, hannu ɗaya ne. Haka masu narka tsohon alminiyom su zuba tukwane da ludaya a mazubin yashi, da 'yan bola jari da ke kai tsofaffin takalma masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano. Basirar narkawa da sake zubawa muna da ita tun kafin su. To me ya hana tana ta zama roba a wajenmu?

Kifayenmu ne suka hana, da ruwanmu, da dalilin da ya kai mu bakin ruwa. Tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu da ragon ruwa, waɗanda su ne yawancin abin da ƙugiya ke kamawa, da gashin baki suke laluben abinci a ƙasan ruwa, wari da ɗanɗano suke bi. Shi ya sa har da yankan sabulu ake kama tarwaɗa. Ruwan damina a nan ja wur yake da laka, ko ƙyallin zinariya aka ja a ciki ba mai gani. Karfasa ciyayi da gansakuka ta fi ci. Sannan tanar roba ba ta aiki sai hannu yana motsa ta: a jefa, a ja, a saki, a sake ja. Masuncin da iyali ke jira ƙugiya ɗari biyu yake ɗanawa da yamma ya je ya kwanta, tana mai rai tana yi masa aiki har asuba. Ba rashin wayewa ne ya sa ya riƙe tana ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Duk da haka akwai kifayen da ke farauta da ido, manyansu giwan ruwa da tsage. Akwai kuma lokacin da ruwa ke kwantawa ya yi garai, daga hunturu zuwa bazara, a manyan madatsu irin Bakalori da Goronyo da Kainji. A nan abin yaudara yana da gurbi. Tsage dai haƙoransa za su daddatsa roba mai laushi a cizo ɗaya, shi cokalin ƙarfe ya dace da shi, da ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare. Wannan kuwa aikin maƙeri ne: a yanke mariƙin tsohon cokali, a huda gaba da baya, a goge shi ya yi ƙyalli. Tsohon silifa ana iya fere shi ya yi siffar ɗan kifi mai yawo a sama. Yankan tsohon tiyub ko gashin zabo a ɗaure a wuyan ƙugiya, duk suna rawa a ruwa. Babu ɗayansu da ke bukatar wuta.

A kan wutar ce nake son a saurare ni da kyau. Ba kowace roba ke narkewa ta yi laushi ba. Ta tanar Amurka nau'in PVC ce da aka cuɗa da man da ke tausasa ta. Leda da robar ruwa da silifa kowanne jinsinsa daban, in aka ɗora su a wuta ƙonewa za su yi ko su daskare kamar dutse. Ita kanta PVC in zafi ya wuce kima tana fitar da hayaƙi mai cin huhu da idanu, ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyarta yana sa ta yi tsalle, in ta taɓa fata kuma mannewa take yi tana ci. Su can a fili suke yi, da safar hannu da abin rufe hanci, da tukunyar da ba ta sake ganin abinci. Mu kuwa murhu ɗaya ne a tsakar gida, yara na kewaye da shi. Mu Zamfarawa mun riga mun ga abin da ke faruwa in aka shigo da aikin guba cikin gida. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar batirin da ake narkawa a gwangwani don yin nauyin raga, ita ce dai wannan dalmar, kuma an daɗe ana yi ba mai cewa uffan.

Su ma Amurkawa sun fara cizon yatsa. An gano robar da ta tsinke a ruwa ba ta ruɓewa, kifi na haɗiye ta, ta kumbura a cikinsa ta hana shi cin abinci. A 2013 har an kai ƙudurin hana amfani da ita gaban majalisar jihar Maine, ko da yake bai zama doka ba. Ɗaya daga cikin dalilan tara tsofaffi a narka ke nan, don kada a yar da su a ruwa.

Abin da ya ja hankalina ga dabarar yaudarar kifi da abin da ba abinci ba shi ne zaɓen da take yi. Cokali mai tsawon yatsa, ƙaramin kifi ba zai iya haɗiye shi ba. Babba ɗaya yake ɗaukowa, ya bar 'ya'ya. A kwatanta shi da gidan sauron da aka raba don mata masu ciki, aka ɗinke shi ana tace ruwa da shi har ƙwan kifi. A kwatanta shi da maganin ƙwarin gona da ake tuttulawa a gurbi, wanda ya gaji magimfa, gubar kifi ta gargajiya, ya fi ta mugunta nesa ba kusa ba, domin yana kashe komai, kuma kifin a cikin mutane yake ƙarewa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma doka a Abuja take, gurbi kuma yana bayan gari. Wanda a da yake iya cewa a dakata, wato Sarkin Ruwa, an bar shi da rawani kawai. Ga kuma rashin tsaro da ya sa bakin gulbi da dama ba sa zuwuwa da dare, har ya kai a watan Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako da layukan waya a jihar. Masu sayen kifi a Mada da Gusau yanzu sun fi cin karo da na ƙanƙara da tarwaɗar kiwo fiye da na gulbi.

Don haka ga matsayina. Tanar roba ba za ta ciyar da gida a Zamfara ba, kuma bai kamata saurayi ya ɓata kuɗinsa ko huhunsa yana dafa leda saboda ya gani a waya ba. Wanda ya samu ta gaske daga masu shigo da kaya, ya yi aiki da ita a ruwa mai garai, in ta yage ya sa a aljihu ya taho da ita gida. In zai narka, to a fili, nesa da yara, a tukunyar da ba a girki da ita. Maƙeranmu kuwa su gwada cokalin fatsa, su kai kasuwar Talata Mafara inda masuntan Bakalori za su gani. Kira na ga sashen kula da kamun kifi na jiha da masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu shi ne su zauna da Sarakunan Ruwa, su maido musu da ikon rufe gurbi da buɗe shi, su hana gidan sauro da guba, kuma su fara gaya wa masunta gaskiya game da dalmar da suke narkawa a tsakar gida.